Burtugal da Burtuƙal

Karo na uku ke nan ina zazzage akwati ina sake shiryawa, sai Hajiya ta shigo riƙe da wata kwalba da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera.

Lokacin ina aikin haɗa magunguna a Madina. An gayyace ni taro a Portugal, wadda Larabawa ke kira Burtugal, jirgi jibi, amma mahaifiyata ta ƙi cewa "je ka". Wani maƙwabci ya gaya mata can giya ta fi ruwa araha. Ni kuma, da wayona, na sayo kwalbar ruwan inabin ƙasar can mai arha a unguwar Anbariyya, wanda ba ya bugarwa, wai in saba. Har na sha rabi, kuma wallahi ya yi daɗi.

"Ɗan nan, tun ba ka tafi ba ka fara?"

"Hajiya, babu barasa a ciki, ga shi an rubuta da Larabci. Daga Burtugal ne, inda zan je."

"Burtuƙal? Lemu?"

Haka Larabawa ke kiran lemu. Ta sauke kwalbar a hankali.

"Ashe ƙasar lemu za ka, shi ne ka bar ni ina ta zullumi? Mutanen da suka sa wa ƙasarsu sunan lemu ba za su lalata mini ɗa ba. Allah ya tsare. Ka taho mini da buhu guda."

Na san harafi ɗaya ya raba kalmomin nan, amma na haɗiye gyaran, na ce amin.

Har yau ban tabbata ba, izini aka ba ni ko sacewa na yi? Malaman shafin nan, ina jiran hukuncinku.