Ranar da Baba Ya Saita Jita da Haƙoransa

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi a gidanmu na Zuru, ba zan manta da makonni ukun da muka yi muna haɗa jita ni da mahaifina ba. Har yau in na tuna, tsikar jikina tashi take yi.

Mahaifina tsohon soja ne, ɗan badujala. Babban ƙahon nan mai zagaye jiki, mai kaurin murya, shi ya yi shekaru yana busawa. Wata nakiya ce ta tashi kusa da shi a wurin aiki, ta tafi da jinsa gaba ɗaya. Ya dawo gida ya kama noman dawa, ya rage magana har ta kusa ƙarewa. In muna son gaya masa abu, sai mu tsaya gabansa ya karanci leɓenmu. A hankali mu ma muka gaji, muka koma miƙa masa abinci kawai da nuni da hannu. Shekara bakwai muna haka.

Ni kuwa a kwaleji na koyi kaɗa jitar bes, wato mai tsirkiya huɗu da kaurin sauti, amma cocinmu ba ta da ita. Sai yayana da ke aiki a Kaduna ya aiko mini da kwali a mota. Na buɗe da murna, na tarar da jita a wargaje: gangar jiki ta farin katako ko fenti babu, wuya daban, tsirkiyoyi a naɗe, ga ledar kusoshi da wayoyi. Ya ce a waya, "Haka ake sayar da ita, ke za ki haɗa." Ga shi na riga na yi wa mawaƙanmu alkawarin za a ji ta ranar godiyar kaka.

Kwana biyu ina fama. Na ɗaure wuyan, na ja tsirkiyoyin, amma da na taɓa sai su kwanta a kan ƙarafunan wuyan suna zuzuniya kamar ƙuda a kwalba. Na ajiye ta a tabarma ƙarƙashin mangwaro, na haɗa kai da gwiwa.

Ban ji zuwan Baba ba. Na ɗago kawai na gan shi ya ɗauke ta, ya kafa gindinta a kafaɗa, ya rufe ido ɗaya yana bin tsawon wuyan da kallo kamar mai auna bindiga.

"Ɗiyata, wuyan nan ya lanƙwashe baya," ya ce, da muryar da ta fi ƙarfin wurin, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Kwance komi. Gaggawa kika yi."

Na daɗe rabona da jin magana mai tsawo haka daga bakinsa. Na kwance jitar.

Tun daga ranar aikin ya koma hannunsa. Ya gano akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ya riƙa murɗa ta da ɗan lanƙwasasshen makullin da ke cikin kwalin, kaɗan-kaɗan, ya bar katakon ya kwana kafin ya ƙara. Ya sa ni goge gangar jikin da samfefa har yatsuna suka yi kanta. In na ce ya yi, sai ya shafa da bayan hannu ya girgiza kai. Ya hana a yi mata fenti, ya ce zanen katakon ya fi kowane launi kyau. Mai muka shafa mata, shafi bakwai, kowane sai ya bushe a rataye a inuwar rumbu. Wayoyin kaɗai muka kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa ya liƙe da dalma.

Da safiyar Asabar, ana gobe biki, muka mayar da tsirkiyoyin. Na ciro wayata, domin akwai manhajar da ke nuna ko sautin tsirkiya ya yi daidai. Baba ya dafe hannuna.

"Bari tukuna."

Ya zauna a turmi, ya ɗora jitar a cinya, ya sunkuya ya ciji ƙarshen wuyanta da haƙoransa. Na zaci wasa yake yi. Ya rufe ido, ya taɓa tsirkiya mafi kauri, sannan ya fara wani gurnani can cikin maƙogwaro, yana murɗa maɗaurin tsirkiyar a hankali. Da ya gamsu ya koma ta biyu. Mahaifiyata ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya cak, ba ta ƙara motsi ba har ya gama huɗun.

"To, tambayi wayar taki," in ji shi.

Na taɓa tsirkiya ta farko, allurar manhajar ta tsaya tsakiya. Ta biyu ma haka, ta uku haka. Ta huɗu ce kaɗai ta ɗan karkata, da ƙyar ido zai gani. Na tsaya gabansa na ce, "Baba, yaya aka yi ka ji?"

"Ban ji ba. Nan yake shiga," ya nuna muƙamuƙinsa, ya gangaro da yatsa zuwa ƙirji. "Sautin ƙahona yana nan, bai tafi ko'ina ba."

Ranar Lahadi coci ta cika, har da baƙi daga Dabai, dammunan dawa jingine a gaban bagadi. Na jona jitar da lasifika. Da muka fara waƙar godiya da harshenmu na C'lela, sai na ga Baba ya taso daga bencin baya, ya ratsa mutane, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar. Ya tsaya haka baiti guda. A baiti na biyu ya buɗe baki ya shiga da muryar maza ta ƙasa, daidai da kiɗan, babu kuskure. Mawaƙan suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai jitar. Ban san yadda na ƙarasa ba, don hawaye sun hana ni ganin yatsuna. Wani dattijo da suka yi soja tare ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

A hanyar gida mahaifiyata ta ce mini, "Mun cuci mutumin nan. Mun yi masa shiru da yawa."

Gaskiya ta faɗa. Abin da na koya ke nan: kunnensa kaɗai nakiya ta ɗauka, sauran mu muka ƙwace masa, ranar da muka daina neman shawararsa. Tun daga lokacin, duk wanda na ga lalura ta mayar gefe, ba na yanke wa kaina abin da zai iya. Zuwa nake yi in tsaya gabansa in tambaye shi.