Mama Jemimah da Ƙwarin Wake

Duk kasuwar Sabon Gari an san Mama Jemimah mai wake da abu biyu: dariyarta da ake ji tun daga layin 'yan tumatir, da gabarta da ƙwarin wake. Tun tana amarya a unguwar Muchia take zaman tsintar wake a faifai ita kaɗai. Mijinta har ya rasu bai taɓa taya ta ba. Ɗanta Gregory kuwa, da ya hango faifai sai ya tuna an aike shi.

Ran da Gregory ya ce zai kawo yarinyar da yake so ya aura, wata Oluoma mai karatun jami'a a Samaru, Mama ta shiga tunani, don shi kaɗai ta haifa. Ta ƙudurta a ranta, macen da ba ta iya tsintar wake ba ba za ta shigo mata gida ba. Da suka iso rumfarta, ta jawo buhun da ya fi lalacewa ta cika faifai, ta kori Gregory ya sayo lemo.

Oluoma ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta tura mata faifan. "'Yata, taya ni."

Yarinyar na leƙawa sai ta kurma ihu. Mama ta ce a ranta, shi ke nan, matsoraciya ce. Ashe murna ce!

"Mama! Ina kuka samo su da yawa haka? A kansu nake bincike, na rasa masu kyau!"

Ta zazzage jaka, ga 'yan kwalabe, ga gilashin da ke ƙara wa abu girma. Waken ko kallo bai ishe ta ba. Ƙwarin take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, maza a wannan kwalba, mata a waccan.

"Ke, ƙwaron ma har da mace da namiji?"

"Sosai ma. Ku duba, macen ta fi girma, ga baƙin tabo a bayanta. Ga kai, ga ƙirji, ga ciki. Ƙafa shida, duk a ƙirji suke."

Mama ta kara gilashin a ido. Sai ga tsohon maƙiyinta ya zama ƙato, yana kaɗa 'yan ƙahonninsa kamar mai gaisuwa. Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ana cikin haka gizo-gizo ya sauko daga rufin rumfa. Mama ta ce, "Wannan fa, kwalbar maza ko ta mata?"

"Ai ba ɗan gidansu ba ne. Ƙafarsa takwas, kansa da ƙirjinsa a haɗe. Ƙwari yake ci."

"Ashe ma'aikacina ne nake ta kai masa tsintsiya!"

Gregory ya dawo da lemo ya tarar da wake yadda ya bar shi, masu saye na tsaye, su kuwa sun haɗa kai suna ƙyalƙyatawa. Ya san halin uwarsa.

"Mama, ba ta tsince ba ko?"

Mama ta share hawaye da gefen zane. "Ba ta iya ba, ko kusa. Amma tun da nake zama gaban faifan nan, yau ne wani ya zauna kusa da ni bai nemi tashi ba. Ka tambayo ranar da za mu je gidansu."

Ta juya ga Oluoma. "Miƙo kwalbar, 'yata, ga wata mace nan za ta gudu."