Audi Damina

Duk wanda ya zauna a Kurmin Mashi bayan yaƙin basasa ya san Malam Audi duba-gari. Ni kuwa katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Unguwar Dosa, ina aikin akawu, shi yana ofishin lafiya, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Dogo ne siriri, kakinsa kullum da karin guga. A wancan zamani duba-gari abin tsoro ne. Da an hango shi sai mata su hau kifar da tsofaffin gwangwanaye, a ɗauraye randa, a kora awaki baya. Amma Audi ba ya tsawa. Zai yi sallama ya jira izini, ya gaida mai gida, ya gaida uwargida, ya tambayi yara, sannan ya sa ludayinsa a randa. In ya ga 'ya'yan sauro sai ya yi shiru kamar shi ya yi laifin, har matar gidan ta gwammace da zaginta ya yi. Ni kaina gaisuwarsa ta sha sa ni makara. Mutum ne da zai tambaye ka lafiyar surukarka da ke Zariya, kuma ya tsaya sai ya ji amsa.

Wannan hali a wurin yayarsa Hansai ya samo shi. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, ita ta riƙe shi a gidan mijinta Muhammadu kafinta, a can ƙarshen Kurmin Mashi. Da Muhammadu ya rasu sai ya bar mata gidan, ɗaki biyu da darbejiya a tsakar gida. Tana da ciwon fuka tun tana budurwa, amma ba ya hana ta komai.

Shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji Kaduna ta haukace da gini. Kowa yana neman tsakuwa, sai wani kamfani ya kafa injin fasa dutse a bayan unguwar, ba nisa da katangar Hansai. Tun safe injin yake ruri, farar ƙura tana tashi tana sauka a kan shanya da tuwo da gashin yara. Fukar Hansai ta tashi haiƙan, har ta kai ba ta iya kwanciya sai a zaune. Audi ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa. Matarsa Kaltume ta share mata ɗaki, ta kula da ita kamar uwa. Duk da haka Hansai ba ta taɓa kwance ƙunshin kayanta ba. Ta katanga nakan ji ta in ya dawo aiki.

"Audi, yaushe zan koma ɗakina?"

"Yaya, ki ƙara haƙuri, ana kan aikin."

Ba ƙarya yake yi ba. An ba kamfanin izini ne bisa sharaɗi: a sa ruwa a bakin injin, a riƙa yayyafa wa hanya ruwa, a rufe tifa da tamfol kafin ta ratsa unguwa. Audi aka ɗora wa duba wannan. Ƙa'idar aikinsa kuwa ita ce ba ya kai ƙara sai a kan abin da idonsa ya gani. Abin da ya ɗaure masa kai, duk ranar da ya je sai ya tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, tiyo yana feshi a bakin injin, tifofi a rufe tsaf, manaja yana murmushi yana nuna masa ko'ina. Ya dawo ya zauna a dakalina. Jama'a suna kuka, yayarsa tana haki, shi kuma bai ga komai ba.

Kaltume ce ta kwance masa ƙullin. Ta je suna a Kurmin Mashi, tana zaune a cikin mata sai ta ji wata tana cewa ta tara wanki tana jiran Damina. Kaltume ta yi mamaki, don ana tsakiyar rani. Da ta tambaya sai aka yi ta dariya a ƙasa-ƙasa, daga baya wata tsohuwa ta ja ta gefe ta gaya mata cewa mijinta ake nufi.

Ga yadda abin yake. Audi bai taɓa shiga Kurmin Mashi ya wuce zauren mai unguwa ba. Mai unguwar, Baba Tukur, aminin marigayi Muhammadu ne, shi ya karɓar wa Audi auren Kaltume. Audi zai jingine babur ɗinsa a ƙofar zauren, ya cire takalmi, ya durƙusa. Gaisuwar mutum biyu irin waɗannan kuwa ba ta ƙarewa da wuri. A kawo ruwa, a fasa goro, a bi dangi ɗaya bayan ɗaya har waɗanda suka rasu. Shi kuma maigadin kamfanin daga ƙofarsu yana hango babur ɗin. Kafin Audi ya sa takalmi an buɗe ruwa, an jiƙa hanya, an lulluɓe tifofi. Ba wanda ya kai tsegumi, babur ɗin ne yake yin shela. Matan unguwa su ma sun gane, da sun ga babur a ƙofar zaure sai kowa ta fito da wankinta da shanyar kuɓewarta, don sun san yau za a yini ba ƙura. Shi ya sa suka sa masa Damina.

"To me ya hana a gaya mini?" in ji Audi.

"Sun ɗauka ka sani," in ji Kaltume. "Wasu ma cewa suke da saninka ake yi."

Na daɗe da sanin Audi, ban taɓa ganin abu ya yi masa ciwo kamar wannan ba. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, ya wuce kai tsaye kawai. Ya dube ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi. Hanyar kamfanin ɗaya ce, ta ƙofar zauren take bi, kuma Baba Tukur a waje yake zama da hantsi tare da dattawa. Na ce to ya aika masa tun da wuri ya yi bayani. Ya ce zancen da aka yi a zaure ba ya kwana a zaure. Gaskiyarsa ce.

Ya yi kwanaki yana juya abin. Ran nan da hantsi ya hau babur, ya shiga Kurmin Mashi, ya zo daidai zauren. Baba Tukur ya hango shi har ya fara gyara masa wuri a tabarma. Audi ya sunkuyar da kai ya wuce.

Abin da ya tarar ya fi abin da ake faɗa. Daga ƙofa ba a ganin injin don ƙura, tiyo a naɗe a rataye, leburori sun ɗaure hanci da tsumma. Manaja ya fito da gudu yana kiran a buɗe ruwa. Audi ya gaishe shi yadda ya saba, ya tambayi iyali, sannan ya tsaya a tsakiyar filin har kakinsa ya koma fari. A haka ya tafi ofis bai kakkaɓe ba. Maganar ta je kotu, aka dakatar da injin sai da aka kafa famfo na dindindin a bakinsa, aka ɗauki mutum musamman don jiƙa hanya. Audi kuma ya riƙa faɗo musu ba rana ba lokaci.

Na zaci Hansai za ta yi guɗa. Ashe labarin wucewar ya riga shi zuwa gida.

"Kai ne ka wuce Baba Tukur a gaban mutane?"

"Yaya, don ki koma ɗakinki na yi."

"Da wane ido zan shiga unguwar? A ce ni na rene ka? Ba inda za ni sai ka je ka ba shi haƙuri."

Ya je, ya durƙusa a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Baba Tukur ya bar shi a durƙushe ya ci gaba da jan carbi. Da ya gama jin bayani sai ya ce, "Na ji, kuma aikinka ya yi kyau. Amma da ka ɗaga mini hannu, ɗana." Ya yafe masa a baki, ya aika a gaya wa Hansai ta dawo. Sai dai daga ranar gaisuwarsu ta gajarce, ba a ƙara fasa masa goro ba har tsohon ya bar duniya. Audi bai taɓa kuka da wannan a gabana ba, amma na san yana cinsa, don duk sanda aka ambaci sunan Baba Tukur sai ya sauya magana.

Hansai ta koma da ƙunshinta yadda ta zo da shi. Kaltume ta wanke ɗakin, ta goge kwanuka, ta kwana biyu tana taya ta zama sannan ta dawo.

Bayan kamar mako ɗaya Audi ya biya da azahar ya duba ta. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce tun da aka kafa injin nan har ranar da ya ɗauke ta, bai taɓa isa ƙofar gidan bai ji tarinta daga waje ba. Ranar ya tsaya ya kasa kunne, shiru. Injin yana ruri a can baya, amma cikin gidan ba motsi. Ya yi sallama ba a amsa ba. Ya sake yi, shiru. Ya ce a nan ya fara salati a zuci, ya tura ƙyaure ya shiga.

Tana kwance a tabarma a ƙarƙashin darbejiya, a miƙe, ba matashi ko ɗaya a bayanta, tana barci. Ya tsaya yana kallon zanenta yana ɗagawa yana sauka a hankali. Bai tashe ta ba. Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarmar, ya jira har ta farka.