Tukwanen Gaz Tara a Rumbun Yaya Hamisu

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar wana Hamisu, wanda mutanen Tasawa suka sani da Hamisu Kilim, kuma har yau ban san yadda zan yi da gadon da ya bar mini ba. Wasu gona ake bar musu, wasu shanu. Ni tukwanen gaz tara ya bar mini a cikin rumbu.

Mu 'yan Attantane ne. Shekarar da fari ya cinye mana gero da awaki, zamanin soja, Yaya ya tafi Maraɗi cin rani, ya faɗa garejin wani mai gyaran sanyin mota, abin da muke ce wa kilim. Da ya dawo ya kafa rumfa a Tasawa, har da ni cikin masu yi masa dariya. A ƙasar da ake neman geron fura, wa ke ta sanyi? Ashe akwai. Motar kumandan na zuwa, motocin masu rabon taimako na zuwa, da su ya ciyar da gidanmu.

Ana nan sai aka ce an hana tsohon gaz ɗin da ake ɗura wa injin sanyi, kowa ya koma sabo. Aikin ba wasa ba ne: a fitar da tsohon, a wanke bututu, a sauya mai, in ba haka ba injin sanyin ya ƙone. Fitarwar ce kaɗai mai sauƙi, ka danna baki, ya yi fiii, ya bi iska. Haka kowa ke yi, haka shi ma ya shekara da shekaru yana yi.

Wani injiniyan masu taimako ne ya gaya masa dalilin hanin, wai tsohon gaz yana hawa sama ya huda wani mayafi da ke kare duniya. Mutumin bai ambaci ruwan sama ba. Yaya ne ya ƙarasa sauran da kansa: sama ta huje, damina ta lalace, kuma da hannunsa a ciki. Na yi masa gardama, ya dube ni kamar ni ne mara hankalin.

Daga ranar bai ƙara sakin gaz ba. Ya ciro injin tsohon firiji, yana zuƙe gaz da shi zuwa cikin tukunya. Aikin minti biyu ya koma na yini, direbobi suka yi ta fushi, wasu suka sauya gareji. Tukunya in ta cika, ya ɗora ta a amalanke sai ƙauye, ya ajiye ta a rumbu.

Na tambaye shi me ya sa sai rumbu. Ya ce, “Laminu, rumbun ga ba hatsi ciki. To shi riƙe abin da ya kori hatsin.”

Yana jinyar ajali ya kama hannuna. “Kak ka buɗe, kak ka sai da, ko mi za a ba ka.” Na ce na ɗauka.

Na kuwa riƙe. Masu tsofaffin motoci sun zo neman gaz ɗin, 'yan sayen ƙarfe sun zo, duk na sallame su. Amma kaina ya daɗe da ɗaurewa. 'Yarsa Rabi, wadda ke koyarwa a Mayahi yanzu, ta ce mini hujin gaskiya ne, har ya kama hanyar toshewa, sai dai ba shi ke hana damina ba. Ta ƙara da cewa sabon gaz ɗin da babanta ya yi ta ɗura wa motoci da zuciya ɗaya, shi ma yanzu an ce yana ƙara wa duniya zafi, za a sauya shi. Ina ma Yaya na raye in ga fuskarsa. Zai gina rumbu na biyu ne, ko zai ajiye sana'ar? Wallahi ban sani ba.

Bana Allah ya ba mu gero har muka rasa wurin zubawa. Na shiga rumbun don in matsar da tukwanen, na sunkuya na tattara ƙarfina, sai ta farko ta taso kamar ƙwarya. Bakwai haka, ba komai ciki, tsatsa ta ci bakinsu. Na shafa wa sauran biyun ruwan sabulu yadda na ga yana yi, ba su yi kumfa ba, alamar ba sa yoyo.

Na daɗe zaune a ƙofar rumbun. Ban buɗe ba, ban sayar ba, amma abin da aka ba ni tsaro ya tafi ina nan ina gadinsa. Yaushe ya fita, a shekarar fari ko ta ruwa? Na cika alkawari ke nan, ko na saɓa?

Rumfarsa ta zama shagon cajin waya, sunansa sai a bakin tsofaffin direbobi. Abin da ya rage shi ne mutum guda da ya ji an ce sama ta lalace, bai ce laifin soja ko na Turawa ba ne, ya duba hannunsa. Ƙila ya yi kuskuren lissafi, amma ni na daina yi masa dariya.

Geron na kai shi rumbun maƙwabci. Tukwanen na mayar da su duka tara, na rufe ƙofa da laka. Allah ya jiƙan Yaya. In mun haɗu, zan ce masa biyu na kawo.