Ruwa Ya Wuce Aduwar

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, kwazazzabo ya soma cin maƙabartar garinmu a ƙasar Durun. An sare itatuwan tudu an ƙona gawayi, ruwan damina ya rasa abin da zai tare shi, sai ya riƙa gangarowa yana yankar ƙasa. Kowace shekara sai ya gutsuri wani gefe. Maza su je bakin ramin su yi salati, su dawo gida.

A gefen da ramin yake matsowa akwai wata aduwa. A gindinta 'yata ta fari take kwance, wadda ta rasu wajen haihuwa. Ban taɓa ganin kabarin ba, mu mata ba ma shiga. Ƙanena, da yake yana cikin waɗanda suka sa ta, shi ya ce mini, "Yaya, in kin hango aduwar nan, to nan ne." Mu kuwa a gidan Fulani muka tashi, 'yar fari ko sunanta ba a kamawa, balle a yi mata kuka a gaban mutane. Sai dai in zan je rijiya in saci kallon aduwar in wuce.

Maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar Filato, ita ta gane ni. Ta ce, "Mama, kullum idonki yana kan bishiyar can." Na ce ta kula da tukunyarta kada ta ƙone. Ba ta ji haushi ba, ta saba da bakina. Ta ce ai an san maganin ramin, dashen itatuwa ne da ciyawar jema da buhunan yashi, abin sayensu ne babu, liman ya yi shela har ya gaji. Ta ce a garinsu in ana neman taimako irin wannan, wani ne yake ɗora wa kansa wahala, mutane su gani su bayar. "Ba a tausayin rami, Mama. Mutum ake tausayi."

Na ce shirme ne. Ba a yi nisa ba sai ga ni a ƙofar gidan liman. Na ce ya shaida, ranin nan gaba ɗaya, duk ranar kasuwar Kabo ko ta Gwarzo, zan tafi a ƙasa in dawo a ƙasa da ƙwarya a kai, ba mota ba mashin. Goro kuma ba zai shiga bakina ba sai an yi dashe.

Ya ce, "Inna, da shekarun nan naki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, masu ƙarfin me suka yi da shi?"

Gaskiya rashin goron ya fi tafiyar ci na. A gidan suna in aka miƙo faranti sai in kawar da kai ina harara, kamar shi ya yi mini laifi. 'Yan acaɓa kuma suka samu abin tsokana. "Hajiya, hau kyauta, babu mai gani!" In ce, "Allah fa, ya tafi unguwa ne?" Wani mahauci ɗan garinmu a kasuwar Kabo ya ce, "Inna, matattu kike yi wa yawo? Su ai sun huta, mu ne da yunwa." Na ce, "Kai ma can za a kai ka. Ka zaɓa, inuwa ko rami." Ya goge hannu, ya jefa abin da ya jefa a ƙwaryar.

Ƙafafuna suka yi faso har suna jini. Ranar nan a wajen Mainika jiri ya kwashe ni, na farka matan wani gida suna yayyafa mini ruwa. Wata ta ce, "Inna, wa kike da shi a maƙabartar nan haka?" Na ce, "Musulmi ne a ciki." Na ɗau ƙwaryata.

Da ruwan farko ya sauka aka sayo dashe, darbejiya da bagaruwa. Maza suka dasa, suka jera buhuna, suka kewaye da ƙaya saboda awaki. Ina daga nesa ina kallo. Malama ta kawo mini farin goro, na ɓare na ci, na ce a raina shi ke nan, na tsare 'yata.

Sai marka ta zo. Aka wuni ana ruwa ba sassauci. Da la'asar ƙanena ya shigo, taɓo har gwiwa, ya tsuguna a bakin ɗakina bai ko yi gaisuwa ba.

Na ce, "Ina ramin ya tsaya?"

Ya ce, "Yaya, ya wuce aduwar."

Sun bi gangaren sun tsinto abin da suka samu, ba a san na wane da wane ba, aka haɗa a likkafani ɗaya aka rufe a tudu. Na ce, "To. Dashen gabas fa, ya kama?" Ya ce ya kama. Na ce ya je ya wanke ƙafarsa. Malama ta shigo ta zauna kusa da ni, ita ta yi kukan har magariba, ni ina tsince wake.

Yau itatuwan nan sun fi soro tsawo, ramin ya tsaya, ciyawa ta rufe bakinsa. Mahaucin nan ma yana ƙarƙashinsu. Mutane suna cewa itatuwan Inna. Ni abin da na gani da idona shi ne, dashe ba ya sauri don ana kuka. Wanda zai tare ruwan bana, shekarun baya ya kamata a dasa shi. In kuna da tudu ana sara, kada ku jira sai ramin ya kusa naku.

Ban yi da-na-sanin tafiyar ba. Amma har yau in zan je rijiya wuyana da kansa yake juyawa. Babu aduwa a wurin, sarari ne kawai.