Bashin Da Ya Ajiye Ni A Tsakiyar Karatun Gashin Ƙashi

A wancan lokacin ni saurayi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, ɗan fari a gidan noma da ɗan kiwo, kuma ni kaɗai ne na kai jami'a. Inna ce ta sa na zaɓi karatun gashin ƙashi, wato aikin motsa gaɓoɓin waɗanda jiki ya shanye musu. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya daina aiki. Ni nake tallafe ta a kan babur zuwa asibiti a Kazaure, mu wuni a layi, wani lokacin a ce mai gashin bai zo ba. Tun daga nan na ƙudurta cewa wannan aikin zan koya.

Shekarun farko mahaifina, Baffa, shi ne yake sayar da gero da tumaki yana biya min. Da aka fara ba ɗalibai bashin gwamnatin tarayya, na dawo gida da murna na ce masa ya huta. Ya tambaye ni ko na tabbata bashin zai kai ni ƙarshe, na ce masa ai gwamnati ce. A kan maganata ya sayar da shanun da ya ware don karatuna, ya yi wa Inna magani.

Ban gane bashin yana da iyaka ba sai da muka kai shekarar koyon aiki a kan marasa lafiya. Kuɗin rajista yake biya, da ɗan abin kashewa wanda ba ya zuwa a kan lokaci. Mu kuwa an tura mu asibiti a wani gari, ga hayar ɗaki, ga kuɗin mota kullum, ga kayan aiki. Na je ofishin ɗalibai na yi bayani. Jami'in ko ɗago kai bai yi ba, ya ce iyakar ɗaya ce ga kowa, ko mene ne kake karantawa.

Kunya ta hana ni komawa wurin Baffa. Na samu wani ya ba ni adaidaita sahu ina ja da safe, a daidai lokacin da abokaina suke bakin gadon marasa lafiya. Malamarmu ta kira ni ta ce hannuna yana da kyau a aikin, amma wanda ba ya zuwa ba za a bar shi ya zauna jarrabawa ba. Haka kuwa aka yi. Aka ce in maimaita shekara, ni kuma ba ni da abin maimaitawa. Na tattara kayana na dawo gida.

Yanzu a ƙauye likita ake kira na, alhali ba ni da takarda, bashin kuma yana nan a wuyana. Kwanan baya wata maƙwabciya ta kawo ɗanta da hannunsa ya ƙi miƙewa bayan karaya. Na san abin da ya kamata a yi, amma ba ni da izinin yi. Na ce ta kai shi asibiti, ta ce: "Da wane kuɗin, likita?" Ta goya shi ta tafi. Har yau hannun yaron a lanƙwashe yake.

Abin da na koya shi ne, a ba ka abin fara karatu a hana ka abin ƙarasawa ba taimako ba ne. 'Yan uwana masu son wannan karatun, kafin ku karɓi bashi ku tambayi inda ya tsaya, kada ku ce wa iyayenku su huta kamar yadda na yi. Masu tsara bashin kuma su sani, duk ɗalibin da suka ajiye a hanya, akwai marasa lafiyar da suka ajiye tare da shi.