Jirgin da Ke Jin Ƙishirwa

A ƙauyenmu na bakin ruwa, can kusa da garin Suki, babu wutar da ta kai ta kakata hayaƙi. Habboba muke ce mata. Na rantse sauron Sinnar ma in ya jiyo ƙaurin wutarta sai ya canza hanya. Bayan isha'i mukan kewaye ta kamar 'yan tsaki, tana gasa kifin da Baba ya kamo, tana tatsuniya, mai gyangyaɗi kuma ya sha mafici a ƙeya.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wani masunci yana da jirgin katakon bagaruwa irin na dā, mai manyan ƙusoshi, da tsumma cushe tsakanin alluna. Da jiragen ƙarfe suka shigo, marasa nauyi, masu sheƙi, sai ya sayi ɗaya, ya ja tsohon ya yasar kan yashi. Rana ta dake shi har allunansa suka buɗe, akuya na leƙawa ta nan ta hango ɗanta ta can. Na ƙarfen kuwa tsatsa ta cinye shi ta ƙarƙashin fenti, bai ce uffan ba, sai ranar da ya nutse a tsakiyar ruwa da taru da kifi da komai. Mutumin ya fito da iyo, ya zauna jikin tsohon jirginsa yana kuka. Jirgin ya ce masa ya tura shi ruwa, ya danne shi da duwatsu, ya tafi.

"Bai mutu ba, ɗiyana," in ji Habboba. "Ƙishirwa shika ji. Icce in ya sha ya ƙoshi, rufe bakinai shikai."

Mu tambaya ko ya rufe, sai mu ji minshari. Ba ta taɓa kai ƙarshen ba.

Na girma na tafi birnin Madani ɗinki, na yi tumbin da sai na tambayi maƙwabta launin takalmina. Da yaƙi ya watsa mu, matata ta kwashi yara ta bi danginta, keken ɗinkina ya bi wasu, ni na dawo gidan Habboba. Murhunta na nan, duwatsu uku, babu kowa. Abin da ya rage mini jirgi ɗaya zai saya, shi ma na hannu. In na zaɓi ruɓaɓɓe, ba ni da abin da zan ce wa iyalina su dawo su ci.

Wani dattijo, Ammu Sale, yana da biyu. Na ƙarfen ya sha shuɗin fenti kamar ango. Ya yi ta yabonsa, wai ko yaro zai tuƙa shi, ba ya neman tsumma, ba ya neman kafinta. Duk gaskiya ne. Amma da na sa farce a wajen walda, sai fenti ya ɓanɓaro da kauri kamar kisra, faffaɗar wainar dawarmu, ƙarƙashinsa ja wur. Na katakon yana kife a yashi, ana hango har garin Damazin mai nisa ta tsagoginsa. Na ƙwanƙwasa allunan, suka amsa da ƙarfi. Duk ciwonsa a fili yake.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ai sai itacen girki," in ji Ammu Sale.

Shi na saya. Masunta suka bar gyaran taru suka zo kallon telan da ya sayi jirgi ya nutsar da shi da hannunsa. Na taya su dariya. Da suka watse na zauna ni kaɗai ina kallon inda ya shige, ina tunanin dattijon banza ne kawai zai jingina cikin 'ya'yansa da tatsuniyar da ba a ƙarasa ba.

Bayan kwanaki na cire duwatsun, na kwashe ruwan. Allunan sun kumbura sun kama juna, sai tsaga ɗaya a gindi. Na toshe ta da ƙyallen tsohon zanen Habboba.

Dā na ɗauka labarin jirgi take ba mu. Yanzu da ni ma na dawo bakin ruwan nan a bushe, duk tsagogi, ban tabbata ba.

Kifin farko a murhunta na gasa shi. Na hura wuta ta yi hayaƙi son ranta, na ɗaga murya na ce, "Habboba, ya rufe." Sai na lura har na sunkuyar da ƙeya ina jiran mafici.